Baƙo da Rigar Karnukan Baba

Shekarun baya, tun iyayen wasunku na wasan ƙasa, wani abu ya faru da ni a garinmu Jibiya wanda har yau in na tuna sai kunya da dariya su haɗu mini. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubuta muku. Ita ce ma ta tado maganar, don jiya ta nuna mini hoton wasu riguna masu gajeren hannu da ake talla, an zana musu karnuka da itatuwan kwakwa, ta ce wai har likitoci na cewa zama da kare na ƙara wa mutum lafiya. Ta tsaya tana jiran in yi tsaki. Na ce mata, zauna. Rigar nan na san ta tun uwarki na cikina, na wanke ta da hannuna, kuma na yi kishi da ita da abin da aka zana a jikinta.

Lokacin nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Jibiya ta cika ta batse. Manyan motoci su jeru a kan iyaka tun daga wajen kwastan har ido ya gaji, wasu za su Maraɗi, wasu sun fito. Rediyo, agogo, atamfa, babur, abin da a da sai gidan mai hali, sai ga shi a hannun ɗan dako. Kowa na murna. Mahaifina ne kaɗai arzikin nan ya zo wa da baƙin ciki. Shi falke ne, da jakuna ya yi fatauci tun yana saurayi. Ya kai goro Maraɗi, ya dawo da kanwa da dabino, duk a ƙafa yana bin bayan jakunansa. Da motoci suka zo, abin da zai yi rani guda yana jigila, mota ɗaya ta kwashe kafin azahar. Ya sayar da jakunan. Ba a daɗe ba kuma Allah ya karɓi ran Inna, mahaifiyarmu.

Daga nan Baba ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna. Zaman ke nan. Ba ya fita sai masallacin ƙofar gida, ba ya magana sai amsa sallama. Ƙafafun da suka saba cin hanya suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka kai shi wurin malamin asibiti, ya ɗaura masa wani ƙyalle a damtse, ya yi ta matsa wata 'yar roba, sannan ya girgiza kai. Ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce amma magani kaɗai ba zai yi ba, dole dattijon nan ya ci abinci, ya riƙa takawa, ya saki ransa. In ba haka ba, ya ce, sai dai addu'a.

To ni ce 'yar fari. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yaba shi, ba ya ma kallonsa ido cikin ido. Kunya ce, haka aka tarar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "yarinyar nan", in da ni yake sai ya dubi bango ya ce "a kawo ruwa". Na taso da haka, ban taɓa jin zafinsa ba. Amma da ya kwanta, sai na ƙudurta a raina cewa ni zan tashe shi. A hannuna zai warke, ko bai faɗa ba zai sani.

Ina gidan mijina a can ɗaya unguwar, ga yara biyu, ga ciki ƙarami. Maigidana mutumin kirki ne, ya ba ni izini, kullum in yafa mayafi in taho da kwano. Babu abin da ban dafa ba. Tuwon dawa da miyar kuka irin wadda Inna ke kaɗawa, farfesun zabo, fura mai sanyi da nonon da na zaɓa da kaina a wurin Fulani. In durƙusa in ajiye, in koma bayan ƙofa in tsaya. Ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Baba, ko loma ɗaya."

"An gode. A ajiye."

Da yamma in zo in ɗauki kwanon yadda na kawo shi. Haka muka yi ta yi, yana ƙara zubewa ina kallo.

Ana nan sai ga autanmu. Shi direban babbar mota ne, yana bi ta Maraɗi har Kwatano, sai ya yi wata da watanni ba mu gan shi ba. Shi kam Baba na kiran sunansa, har da kirari. Ya diro da wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, da baƙin tabarau, yana riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar wani ɗan kwikwiyo ne ja, duk haƙarƙari a waje, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Na ce, "Auta, mi ne ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, a ƙarƙashin motata na tsince shi a wajen 'yan duwan, kwastan na can ƙetare. Na kore shi ya ƙi. Ya shigo ƙasa ba takarda, ba wanda ya tare shi."

Baba ya ɗago kai ya ce, "Fitar mini da wanga abu."

"To, Baba. Gobe in zan wuce sai in tai da shi."

Ya ɗaure shi a gindin darbejiyar ƙofar zaure. Gari ya waye, auta ya tada motarsa ya yi gaba, ya bar kwikwiyo a nan. Har yau yana rantsuwa wai mantuwa ya yi.

Da hantsi na iso da kwanona, sai na tarar da abin da ban gani ba tun rasuwar Inna. Baba a tsaye a waje, cikin rana, yana zuba ruwa a wani fasasshen kasko. Wai kukan ɗan karen ne ya hana shi sakat. Na ajiye tuwo na koma bayan ƙofa. Ya gutsuro ya jefa masa. Karen ya shinshina, ya ƙi ci, ya zuba wa Baba ido. Baba ya ce, "Kai, mi kake nufi? Guba na ba ka?" Ya gutsuro wata loma ya kai bakinsa. "Ka gani?" Sai karen ya ci. Ya jefa masa, ya ci tasa. Ya jefa masa, ya ci tasa. Ina tsaye ina kallo har suka ga ƙasan kwano.

Ran nan na yi murna, Allah ya sani. Na koma gida ina hawaye. Amma murnar kwana ɗaya ta yi. Washegari da na ji Baba na cewa, "Baƙo, taho mu karya," sai na tsaya cak da kwano a hannu. Baƙo. Har ya sa masa suna. Kwana biyu da zuwansa ya samu abin da ni ban samu ba tun da aka haife ni.

Maƙwabta suka fara ƙananan maganganu, dattijo mai furfura da kare a ƙofar gida. Baba mutum ne mai tsoron Allah, ya tashi ya sami liman. Liman ya ce kare in don gadin gona ne ko kiwo ko farauta babu laifi, amma kada ya shiga ɗaki, kuma a ware masa abin cinsa. To Baba ba ya son ya faɗi abin da ba haka ba. Tunda ya ce wa liman karen gona ne, dole ya zama karen gona. Muna da wata gona a hanyar Mazanya wadda ya watsar tun da ya zauna. Sai ga Baba kullum bayan ya idar da asuba, sanda a hannu, Baƙo a gaba, sun nufi gona. Da farko sai ya huta a hanya sau da yawa. Kafin wani lokaci kumburin ya saɓe, takalmi ya shiga. Ya dawo da yunwa, ya ci, ya yi barci har da minshari. Mutumin da na yi ta roƙo ya taka ko zuwa bakin titi ya ƙi, ga shi ɗan kwikwiyo ya kaɗa wutsiya ya tashi.

Kuma hira! Ni da ban taɓa samun magana mai tsawo daga gare shi ba, sai in iso in ji shi yana ba kare labarin hanyar Maraɗi, da rijiyar da suke yada zango, da wani jakinsa mai taurin kai. Har dariya yake. In na yi sallama sai ya yi shiru, ya dubi bango ya ce, "A ajiye."

Ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum, auta ya sake dirowa. Ya ga Baba ya murmure, ya yi ta tsalle yana cewa maganinsa ne ya ci. Ya buɗe jaka ya zaro wata riga. Jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Shuɗiya ce shar, mai gajeren hannu da maɓallai, yadin ba nauyi kamar ɓawon albasa. An zana mata itatuwan kwakwa, a gindin kowace itaciya ga kare rawaya a zaune, harshe a waje. Ya ce a Kwatano ya saya, irinta masu hutu ke sawa a bakin teku.

Na ce, "Auta, ba ka da hankali. Baba za ka ba wannan?"

Na gyara tsayuwa ina jiran a jefe shi da ita. Baba ya karɓa, ya juya ta, ya ɗaga wa karen. "Baƙo, ga danginka sun aiko gaisuwa." Ya kira sunan auta ya sa masa albarka, doguwar albarka, har da ta 'ya'yan da bai haifa ba.

Washegari da ita ya tafi gona. Ya ce babbar riga ƙaya ke kama ta, ga zafi, wannan kuwa iska na ratsa ta. In lokacin salla ya yi sai ya tuɓe ta ya rataye a reshe, ya zura tsohuwar taguwarsa, don ba ya salla da hoton dabba a jiki. In ya sallame ya mayar. Direbobin da ke jiran layi a kan iyaka suka san shi. In ya gifta su danna ham, su ce, "Baba, sai Kwatano!" Shi kuma ya ɗaga musu sanda.

Wa ke wanke rigar? Ni. In tsoma ta a ruwa, karnukan nan su taso sama suna kallona da harsunansu. Allah ya yafe mini, cuɗar da nake wa rigar nan ba ta wanki ba ce.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta fara gane ni. Ta same ni ina matse rigar kamar zan raba ta biyu, ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyar nan, lafiya? Mi rigar ta yi miki?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Ba komai, kin ɗaure fuska kamar an aiko miki da mutuwa? Ubanki ya tashi, ya ci, ya yi ƙiba. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

"Shi ne."

"To mi ya rage?" Ta dube ni, ta dubi karen da ke kwance a inuwa, sai ta fashe da dariya har da tafi. "La ilaha illallahu! Da kare kike yi! Da cikinki da 'ya'yanki, da kare!"

Na ce ni ba na kishi da kowa. Ta ce to in je in yi wutsiya, wataƙila a kira sunana.

Ranar da abin ya kai mini iya wuya ita ce ranar da muka koma asibiti. Malamin ya ɗaura ƙyallensa, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa. Ya ce, "Baba, jini ya sauka. Wa ke kula da kai haka?" Ina tsaye a bayansa, na sunkuyar da kai. Na san ba zai faɗi sunana ba, amma ko "yarinyar nan" ya ce ya ishe ni. Baba ya nuna taga da sandarsa. Can waje Baƙo ne zaune yana jiransa. Ya ce, "Ga likitana can."

Na rako shi har gida. Amma na ce a raina, tunda riga ake so, za a ga riga. Ina ƙuli-ƙuli a lokacin, direbobi na saye sosai. Na sa maigidana ya yanko farar shadda mai kyau, aka ɗinka babbar riga, aka yi mata aiki a wuya. Na kai na durƙusa na ajiye. Baba ya shafa ta da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa, ya dubi bango ya ce, "An gode." Ya ninke ta ya sa a adaka. Gari na wayewa ya fito da rigar karnukansa. Na koma gida na kwanta rub da ciki, da cikin nawa da komai, na yi kuka mai isata.

Da damina ta faɗi na haihu, mace, uwar wannan mai rubuta muku. Haihuwar ta zo da wuya, bayanta zazzaɓi ya rufe ni. Gwaggo ta tare a gidana tana yi mini wankan jego. Abinci ya fita raina fit. A kawo kunun kanwa in kau da kai, a kawo gasasshen nama in ce a ɗauke. Nono ya fara ƙafewa, jaririya na ta tsala kuka. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce so nake in bar mata marayu. Ni kuwa ina kwance ina kallon rufin ɗaki, abin da ke raina shi ne, ko na mutu ma wa zai rasa ni a gidanmu? Baba na da likitansa.

Wata safiya sai na ji haushin kare a bayan ɗakina. Maigidana ya faɗo ciki hula a karkace, ya ce, "Baba ne! Baba ne a waje!" Ku gane, tun da aka kawo ni gidan nan Baba bai taɓa tako unguwar ba. Uba ba ya zuwa gidan auren ɗiyarsa, balle ta fari. Maigidana ya fita ya zube ya roƙe shi ya shigo zaure, ya ƙi. Ya zagayo bayan darni, daidai inda ɗakina yake, ya tsaya. Sai na ji muryarsa, da ƙarfi, yadda bai saba ba.

"Baƙo, kai dai ba ka da kunya. Na ce mu tai gona, ka jawo ni unguwar mutane. To tunda ka kawo mu, sai ka tambaya. Ka ce ya mai jiki?"

Gwaggo ta toshe baki da gefen zane.

"Ka ce mun ji wai ba a cin abinci. Ka faɗa masu, in ba a ci a nan ba, mu ma can ba mu ci. Ni da kai duka. Kai ka san hannun da ya yi ta ba mu tuwo har muka tashi. Ka sani ko ba ka sani ba? To in hannun nan ya kwanta, ni da kai mun zama abin tausayi."

Na ja jiki, na dafa bango, na leƙa ta wata kafa a jikin darni. Ga Baba tsaye cikin farar shaddata, ta sha guga, kamar mai zuwa Idi. A wuyanta kuwa ga shuɗin kwalar rigar karnuka ya leƙo, ya sa ta daga ciki. Sannan na dubi igiyar. A miƙe take tam, amma ba karen ne a gaba ba. Baƙo na can baya, ya kafe ƙafafu a ƙasa, ya juya kai wajen hanyar Mazanya yana ƙugi. Karen nan bai taɓa zuwa gidana ba, bai san hanya ba. Tun daga ƙofar gidanmu Baba ya jawo shi.

Na ƙara dafa bango. Da na buɗe baki, sunan da na rantse ba zai taɓa fita daga bakina ba shi na kira.

"Baƙo, ka ce an gode. Ka ce yanzu za a ci."

Baba ya yi gyaran murya. "Ka ce muna nan tsaye sai mun ji ƙarar kwano."

Gwaggo ta miƙo mini kunu tana share ido tana cewa, "Sha, uwar kishi." Na shanye tas, ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa kwanon da ƙarfi yadda za a ji a waje. Sannan na ji takunsu sun juya, wannan karon karen ne a gaba.

Kullum sai da suka zo har na yi arba'in. Kafin nan Baƙo ya koyi hanya, har ya riƙa riga Baba isowa. Daga lokacin kuma ni da mahaifina muka samu bakin magana. In na kai abinci sai in ce, "Baƙo, a gaya wa mai gida yau miyar da yaji." Shi kuma ya ce, "Baƙo, ka ce ta yi daɗi, amma gishirin a rage, likita ya hana." Abin da muka yi shekaru ba mu faɗa wa juna ba, duk ta kan karen nan ya bi, shi kuwa yana kwance yana korar ƙuda.

Baƙo ya tsufa ya mutu, Baba ya haƙa rami a gefen gonar ya rufe shi. Na ji tsoron zai koma buzu, amma bai koma ba, ƙafa ta riga ta tuna hanya. Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, har ya ga auren jaririyar. Kuma bai daina ba. Sai ya dubi bango ya ce, "Da Baƙo na nan, da ya ce a zauna a huta, an sha aiki." Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. Da aka zo rabon kayansa, auta ya ce a ba ni farar shaddar tunda ni na ɗinka. Na ce ya riƙe. Na ɗauki shuɗiyar.

Ni ba zan ce wa kowa ya je ya ajiye kare ba, wannan ku tambayi malamai, su suka san iyakarsa. Maganar likitoci kuma ban san abin da suka auna ba. Abin da na gani da idona shi ne, mutumin da ya ga ba wanda ke bukatarsa, ko me ka dafa masa ba zai ci ba. Ni na yi ta yi wa Baba hidima, ban bar masa abin da zai yi wa kowa ba. Ɗan kwikwiyon nan ya zo da ƙishirwarsa, Baba ya tashi don ya ba shi ruwa. Ran da ni ma na kwanta ina bukatarsa, ai ga shi ya tako har bayan ɗakina.

Rigar na nan a ƙasan adakata, shuɗin ya koɗe, maɓalli ɗaya ya ɓata. Jikata ta tambaye ni ko kishin ya wuce. Na ce mata saura kaɗan. Duk ran da na buɗe adakar na ga karnukan nan zaune a gindin kwakwarsu, harshe a waje, sai na harare su tukuna. Sannan in shafa su in ce, "Baƙo, a gaya masa an ci abinci."